Suna Linzami: A Bar Mai Suna Ya Faɗi Sunansa

A shekarar 2015 wata ƴar jarida mai suna Vanessa Ruiz ta kama aikin karanta labarai a wani gidan talabijin na birnin Phoenix, a jihar Arizona ta ƙasar Amurka. Da Ingilishi take karanta labaran, kuma Ingilishin nata ba shi da makusa. Abu guda ne ya tayar da ƙura: duk lokacin da ta iso kan wani suna na Sifaniyanci, sai ta furta shi yadda masu harshen suke furtawa. Takan gara harafin "r" a kan harshenta, kuma garin Mesa da ke maƙwabtaka da Phoenix, wanda mazaunansa suka saba kira "Meisa", ita sai ta ce "Mesa", kamar dai yadda Bahaushe zai karanta shi idan ya gan shi a rubuce, ko da yake a Sifaniyanci tebur kalmar take nufi, ba uwar macizai ba. Masu kallo suka yi ta aiko da ƙorafi, har ta kai ga ta tsaya gaban kyamara ta ba su amsa cikin ladabi. Ta ce ta yi sa'ar tashi da harsuna biyu, kuma tana son furta wasu kalmomi yadda ya dace a furta su.

Ra'ayina a kan wannan gardama shi ne gaskiya tana tare da ita, kuma masu ƙorafin sun fake da batun harshe ne suna faɗin wani abu dabam. Na kawo maganar gaban ɗaliban Hausa domin tambayar da ke ƙarƙashinta tambaya ce ta ilimin harshe wadda kowannenku zai ci karo da ita: idan suna ya fito daga wani harshe ya shiga cikin jimlar wani, wa yake da ikon cewa ga yadda za a furta shi?

Mene ne bambancin da ake faɗa a kansa?

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da ake shari'a a kansa. Sifaniyanci yana da wasula biyar, a, e, i, o, u, kuma kowannensu yana riƙe da kamanninsa a ko'ina ya zo cikin kalma. Ingilishi yana da wasula fiye da goma, kuma wasalin da ba a danna ba yakan shuɗe ya koma wani sauti maras kama. Saboda haka sunan José, wanda mai shi yake furtawa "Hose" da nauyi a gaɓar ƙarshe, yakan koma "Hozei" a bakin Ba'amurke. Harafin j a Sifaniyanci sauti ne na maƙogwaro, kusa da "kha" ta Larabci a bakin mutanen Sifaniya, ya kuma yi laushi ya kusanci "h" a bakin mutanen yankin Karebiyan. Shi ya sa Jorge yake zama "Horhe". Harafin h ba a furta shi ko kaɗan. Harafin ñ shi ne sautin da masu Faransanci suke rubutawa "gn". Akwai kuma "r" iri biyu masu bambanta ma'ana: pero na nufin "amma", perro na nufin "kare". Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanci ra-kaɗe da ra-gare, ya kuma san cewa su ne suka raba bara mai yi wa ubangidansa hidima da bara ta almajiri. Nasu ba daidai suke da namu ba, amma kunnen da ya saba da namu ba zai sha wahalar jin nasu ba.

Sifaniyanci ba shi da karin sauti irin na Hausa. Abin da yake da shi shi ne danna gaɓa guda a cikin kalma fiye da sauran, kuma ƙa'idar a fili take. Kalmar da ta ƙare da wasali, ko da n, ko da s, a gaɓar kusa da ƙarshe ake danna ta. Wadda ta ƙare da wani baƙi dabam, a gaɓar ƙarshe. Idan kalma ta saɓa wa wannan, sai a ɗora wa wasalin alama, kamar a Pérez da García. Iyakar abin ke nan. Wanda ya ba shi rabin sa'a zai iya karanta kusan kowane suna na Sifaniyanci ba tare da ya ɓata shi ba.

Hujjarsu ta farko: kowane harshe yana tanƙwara kalmomin aro

Masu adawa suna cewa kowane harshe yana da tsarin sautinsa, kuma duk kalmar da ta shigo dole ta bi wannan tsari. Wannan gaskiya ne, kuma babu wanda ya fi ɗalibin Hausa sanin haka. Mun ari kalma daga Ingilishi mun mai da ita asibiti, mun ari wata mun mai da ita likita. Kalmar Larabci ta "alƙadi" ta shigo Hausa ta zama alƙali, ta shiga Sifaniyanci ta zama alcalde, wato magajin gari. "Sukkar" ta zama sukari a wurinmu, ta zama azúcar a wurinsu. Babu wanda aka zalunta a cikin wannan, kuma wanda zai tsaya a kasuwa yana neman sukari da lafazin mutanen Makka abin dariya zai zama. Haka ma sunayen ƙasashe da manyan birane: mu mun ce Faransa da Ingila da Masar, Faransawa da Sifaniyawa suna kiran Landan "Londres", kuma babu wanda ya kai ƙara.

Sai dai wannan hujja ta tsaya a kan kalmar aro, ba ta isa ga sunan mutum ba. Kalmar aro ta zama mallakar harshen da ya are ta. Babu wani mai rai da zai ce tasa ce. Sunan yanka kuwa yana da mai shi, kuma mai shi yana tsaye a gabanka, yana jin abin da ka faɗa. Wani zai ce ai mu ma mun tanƙwara sunayen Larabci, mun mai da Khadija ta zama Hadiza da Dije, Abubakar ya zama Habu, Muhammad ya zama Mamman. Haka ne, amma dubi wanda ya yi tanƙwarar: iyayen da suka yanka ragon suna ne, da dangin da suka rene ta. Hadiza sunan Hadiza ne. Balaraben da zai nace sai ya kira ta Khadija bayan ta gaya masa sunanta ya yi kuskure iri ɗaya da Ba'amurken da ya nace sai ya kira Jorge "Joj". Ƙa'idar guda ce a duka wuraren biyu: abin da mai suna ya ce shi ne sunansa.

Hujjarsu ta biyu: baƙo ne yake bin al'adar gari

A 2009, lokacin da Shugaba Barack Obama ya zaɓi Sonia Sotomayor ta zama alƙaliya a Kotun Ƙoli ta Amurka, wani mai fafutukar rage shige da fice, Mark Krikorian, ya yi rubutu a shafin mujallar National Review yana cewa danna gaɓar ƙarshe a sunanta ya saɓa wa ɗabi'ar Ingilishi, kuma bai kamata a miƙa wuya ga masu nacewa a kan haka ba. A ganinsa, wanda ya zo shi ne zai daidaita da masu gida.

To, a birnin New York aka haifi Sotomayor, kuma iyayenta ƴan Puerto Rico ne, tsibirin da mutanensa suke da ƴancin zama ƴan ƙasar Amurka tun 1917. Daga ina ta zo, kuma gidan wa ta shiga? Idan aka koma ga tarihi ma, batun baƙo da ɗan gari juyewa yake yi. Sifaniyawa sun kafa garin San Agustín a Florida a 1565, shekara 42 kafin Ingilawa su kafa Jamestown a 1607. An kafa Santa Fe a wajajen 1610, an kafa Los Angeles a 1781. Kalifoniya da Nevada da Utah da mafi yawan Arizona da New Mexico duk ƙasar Meziko ne har zuwa 1848, lokacin da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta kawo ƙarshen yaƙi, Meziko ta rasa kusan rabin ƙasarta. Iyalai da yawa a wannan yanki ba su taɓa tsallaka iyaka ba. Suna zaune a gidajensu aka matso da ita ta wuce su. A ƙidayar 2020, ƴan asalin ƙasashen Sifaniyanci a Amurka sun haura miliyan 62, kusan kashi 19 cikin 100 na al'ummar ƙasar, kuma fiye da miliyan 40 suna magana da harshen a gida. Harshen da ya riga ka zuwa wuri, wanda kuma kusan mutum ɗaya cikin takwas yake yi a gidansa, da wuya a kira shi baƙo.

Abin da ya fi tona asirin wannan hujja shi ne son kai da ke cikinta. Ba'amurken da ya ce harshensa ba ya iya ɗaukar Sotomayor, shi ne yake cewa "Shofan" idan ya ga Chopin, yake cewa "Bodo" idan ya ga Bordeaux, kuma zai ji kunya a gaban mutane idan ya furta harafin ƙarshe na ballet. A 2003 mutanen Kalifoniya sun zaɓi Arnold Schwarzenegger gwamna, kuma babu wanda ya ce ya gajarta sunansa kafin a rantsar da shi. Ashe harshen yana lanƙwasuwa idan mai shi ya ga dama. Faransanci da Jamusanci, a idonsu, harsunan ilimi da wayewa ne, furta su daidai ado ne. Sifaniyanci kuwa sun ɗauke shi harshen mai aikin gona da mai wanke kwanoni a gidan abinci, don haka ba su ga dalilin wahalar da baki a kansa ba. Matsayin masu harshe a idon mai magana shi ne yake yanke wane suna za a koya da wane za a tauna a tofar. Ba kuma a banza ba ne rikicin Ruiz ya tashi a Arizona, jihar da a 2010 ta kafa dokar da ta umurci ƴan sanda su binciki takardun duk wanda suka tsare suke kuma zargin ba shi da izinin zama.

Abin da ya gabata

Wanda bai san tarihi ba zai ce ana hayaniya ne a kan gaɓa guda. A makarantar Blackwell da ke garin Marfa na jihar Texas, wadda aka keɓe wa ƴaƴan ƴan asalin Meziko, an shirya wa harshen Sifaniyanci jana'iza a 1954. Aka sa yara suka yi rubutu a ƴan takardu, aka zuba cikin akwati, aka binne a harabar makaranta, alamar daga ranar harshen iyayensu ya mutu a wurin. A makarantu da yawa na kudu maso yammacin ƙasar ana hukunta yaro idan aka ji shi yana Sifaniyanci, kuma malamai kan sauya wa yara suna ranar farko: Juan ya zama John, María ta zama Mary. Duk wanda kakansa ya ba shi labarin symbole da ake rataya wa ɗalibin da ya yi harshen gida a makarantun Faransawa ya san irin wannan tabo.

Manya ma ba su tsira ba. Roberto Clemente, ɗan Puerto Rico, gwarzon wasan besbol na ƙungiyar Pittsburgh Pirates, ya shafe shekaru ana buga sunansa "Bob" a katunan ƴan wasa, alhali ya sha faɗa cewa sunansa Roberto. Ƴan jarida kan rubuta maganarsa da gurɓataccen rubutu don su kwaikwayi lafazinsa. Ya rasu ranar 31 ga Disamba 1972 a haɗarin jirgin sama, yana kan hanyar kai agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Nikaragwa. Mawaƙi Richard Valenzuela sai da ya zama Ritchie Valens kafin a sayar da faifansa. Ɗan wasan kwaikwayo Ramón Estévez ya zama Martin Sheen don ya sami aiki, kuma daga baya ya bayyana nadamarsa a fili. Bayan da masu zaɓe a Kalifoniya suka amince a 1986 Ingilishi ya zama harshen hukuma, ofisoshin rajistar haihuwa na jihar sun shafe shekaru masu yawa suna ƙin rubuta ñ da wasula masu alama. Iyalin Peña, wato dutse, suka koma Pena a takarda, wato baƙin ciki. Wanda ya san tazarar da ke tsakanin ƙasa da kasa, ko ɗaki da daki, ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da cire ƴar alama yake yi wa kalma.

Saboda haka idan jikar waɗancan yara ta zauna gaban kyamara ta faɗi sunanta da bakin kakarta, akwai abin da take karɓowa wanda aka ƙwace da bulala. Cewa ta daina don kunnen wani bai saba ba, ci gaba ne da aikin malaman Marfa, sai dai da murmushi.

Hujjarsu ta uku: ai burga ce

Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. A 1990 shirin barkwanci na Saturday Night Live ya yi wani wasa da ɗan wasa Jimmy Smits, inda ma'aikatan gidan talabijin farar fata suke wuce gona da iri wajen furta kalmomin Sifaniyanci don su burge sabon abokin aikinsu, shi kuwa abin ya ishe shi. Irin waɗannan mutane suna nan a ko'ina. Mun san wanda ya yi wata uku a ƙasar waje ya dawo yana murguɗa baki.

Akwai kuma wata gaskiyar. Wasu sunayen wurare sun daɗe da zama a bakin mazaunansu da wani furuci dabam. Mutanen Nevada suna jin haushin wanda ya ce "Nevaada" da dogon wasali, ko da yake hakan ya fi kusa da asali. Mutanen Amarillo a Texas suna furta "l", kuma unguwar San Pedro a Los Angeles "San Pidro" mazaunanta da yawa suke cewa, har da ƴan asalin Meziko. A nan mazauna gari su ne masu suna, kuma na yarda mutanen Mesa suna da abin faɗa game da garinsu. Haka kuma babu wani furuci guda da za a kira na asali: mutumin Madrid yana sa harshe tsakanin haƙora idan ya ga z, mutumin Meziko yana cewa "s", mutumin Buenos Aires yana furta ll kamar "sh". Akwai ma ƴan asalin waɗannan ƙasashe da suka zaɓi furta sunansu da lafazin Ingilishi, kuma wannan haƙƙinsu ne. Wanda zai gyara musu shi ma ya shiga hurumin da ba nasa ba.

Amma a lura, duk waɗannan misalai ƙarfafa ƙa'idar suke yi. Abin dariya a wasan Smits shi ne mutanen da suka ari bakin da ba nasu ba ba tare da sun tambayi mai shi ba. Ruiz kuwa ba ara ta yi ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma wanda ya tashi da harsuna biyu gidaje biyu gare shi. A wurinsa, cewa "Horhe" shi ne abin da bakinsa yake yi da kansa. Cewa "Joj" shi ne kwaikwayon da sai ya yi da gangan. Masu kiran wannan burga suna neman mutum ya yi kamar bai san abin da ya sani ba, don kada wanda bai sani ba ya ji an fi shi. Idan kuma mai labarai ta faɗi sunan gari da furucin da ya bambanta da naka, kuma ka gane garin da take nufi sarai har ka iya rubuto ƙorafi a kansa, to ba fahimta ce ta ɓace maka ba.

Babu kuma wanda ya ce dole kowa ya iya ra-gare kafin ya buɗe baki. Mutumin da ya tambaya, ya saurara, ya gwada, ya ɗora nauyi a gaɓar da ta dace, ya sauke nauyin da ke kansa ko da "r" ɗinsa ta fito a ta Ingilishi. Bambanci yana tsakanin wanda ya kasa da wanda ya ƙi, kuma mai suna yana gane kowannensu tun daga gwajin farko.

Laifi tudu ne

Kada mu hango na Amurkawa mu manta da wanda muke takawa. Garin da iyayenmu suke kira Tawa, a taswira Tahoua ne. Tasawa ta zama Tessaoua, Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi, Maraɗi ta rasa ƙugiyarta, Sakkwato ta zama Sokoto. Rubutun hukuma abu ne da aka gada, kuma ba aikin ɗalibi ba ne ya sauya fasfo. Abin da yake hannunsa shi ne bakinsa. Sau nawa muke jin Bahaushe, da zarar ya juya zuwa Faransanci ko Ingilishi, ya faɗi sunan garinsu da lafazin wanda bai taɓa shan ruwan garin ba? Faransanci ba ya furta h, sai ka ji Halima ta gabatar da kanta "Alima", Hamidu ya ce "Amidu". Ɗanladi ya shiga ofis ya zama "Danladi" da bakinsa, tun kafin kowa ya nemi haka daga gare shi. Ba'amurken da ya ce "Hozei" yana da uzurin rashin sani. Mu da muke ɓata namu da kanmu, don kada a ce ba mu waye ba, wane uzuri gare mu?

Ga abin da nake ba ɗalibai shawara, ko Hausa ce harshenku na gado ko koyonta kuke yi. Kalmar aro da ta zauna, a bar ta yadda ta zauna. Sunan ƙasa ko birni da harshenku ya riga ya ba shi siffa, ku yi amfani da siffar. Sunan gari, ku bi mazaunansa. Sunan mutum kuwa, ku tambaye shi, ku maimaita, idan ya gyara muku ku sake gwadawa, kada ku ce masa ya ba ku wani mai sauƙi. Idan kuma naku aka tambaya, a kowane harshe ake hirar, ku faɗe shi da ƙugiyarsa da dogon wasalinsa da karin sautinsa, yadda liman ya faɗe shi da safiyar ranar suna.